Taki Goma Sha Biyu Daga Bakin Igwa

Smokino, 4 ga Maris, 2008

Zuwa ga ƙanena Stamat,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka da jikoki. Ni ina nan, gwiwa ce kawai take yi min rashin mutunci. Kada ka tambaye ni wayar da ka aiko, tana cikin akwati. Maganar da zan yi da kai ta takarda ce, yadda gobe mutum ba zai ce bai faɗa ba. Mai motar burodi zai kai maka, shi zai dawo min da amsa.

Jiya na hau gona da almakashi zan rage wa inabi rassa, sai na tarar da maza huɗu cikin kaki suna zagaya tankar yaƙin nan da igiyar awo. Sun kafa turaku da jan ƙyalle daga bakin igwarta zuwa gangaren kudu. Na ce, "Lafiya, samari? Gado aka bar muku a nan?" Babbansu, wani laftana mai suna Velko, yaron da ko gemu bai gama fito masa ba, ya ce, "Kaka, tone ta za mu yi mu kai ta birni, jama'a su riƙa kallo." Na ce wa ya nuna musu inda za su haƙa. Ya ce wani tsohon saje ne, Stamat, shi ya san duk tankokin da aka binne a bakin iyakar nan, shi ya zana musu hanya. Na ce madalla da Stamat.

Ka ji da kyau, ni ba tankar nake wa kuka ba. Ina shekara sha biyu aka jawo ta, ragowar yaƙin Jamusawa, aka tumɓuke wa Baba kurangar inabi tamanin aka binne ta har wuya, wai ta tsare mu daga Turkawa. Shekara hamsin da shida tana zaune tana hararar kudu, ko tari ba ta taɓa yi ba. Su kwashe abarsu, su sa ta a falo in sun ga dama.

Amma kai ka san wanda yake kwance a wurin. Ranar tsinkar inabi ta 1971, da masu gadi suka harbe autanmu Ilko yana neman tsallake wayar kan iyaka, ba su ba mu gawarsa ba. Kai ne ka shigo gida da yamma da kakinka, ka durƙusa gaban Mama ka ce mata, "Inda bakin igwa yake kallo, taki goma sha biyu." Ina tsaye bakin murhu, da kunnena na ji. Mama ta yi shekara sha bakwai tana hawa tudun coci tana hango wurin ta bayan waya, har ta mutu ba ta taɓa ƙasar da hannunta ba. Tun da aka cire wayar, ni nake kai masa dafaffiyar alkama da kyandir, ina zuba masa ruwan inabi duk Asabar ta matattu. Turaku uku na jan ƙyallen nan a kansa suke, Stamat. A kan ƙirjinsa.

Na tuge su na yi makamashi da su. Ka faɗa wa mutanenka, katafilar da za ta bi ta nan sai ta fara bi ta kaina.

Ka gaida kowa. Allah ya ba ka lafiya, ya kuma ba ka kunya.

Yayarka,
Kera

Yambol, 7 ga Maris, 2008

Zuwa ga Yayata Kera,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Na sami takardarki, na kuma yi baƙin cikin jin labarin gwiwa. Na haɗo da man shafawa, a riƙa shafawa safe da yamma.

Game da batun tanka, ina so ki fahimci yadda abin yake. A bara ɓarayi sun tone irinta guda ɗaya a wani ƙauye, suka loda a babbar mota suka fitar da ita ƙasar waje, domin ashe yanzu irinsu kaɗan suka rage a duniya. Wasu kuma masu gwangwan sun yanyanka su da wuta. Shi ya sa aka ba da umarni a tono duk waɗanda suka rage kafin damina ta wuce, a adana su wuri ɗaya. Umarni ne daga sama, ba ni na yanke ba, kuma tuge turaku laifi ne da za a iya kai mutum ƙara a kansa. Na roƙi laftanan ya bar maganar.

Gaskiya ne ni na zana inda za a haƙa. Tanka ba a cire ta sama kamar albasa, sai an haƙa mata gangare ta gefe ɗaya an ja ta da sarƙa. Na duba ƙasar sosai, na zaɓi kudu. Ni na nemi a ba ni aikin nan da kaina, alhali na yi ritaya, kuma ina da dalili. Ina roƙonki, Yaya, ki bar su su haƙa ta inda na nuna. Babu abin da zai sami Ilko. Na ba ki kalmata.

Kada ki fita cikin sanyin nan da wannan ƙafa. Idan an gama aiki za a yi ɗan biki a nan birni, an ce ni zan yi wa baƙi bayani. Zan so ki zo, zan aiko da mota.

Matata tana gaishe ki. Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Stamat

Smokino, 14 ga Maris, 2008

Zuwa ga Saje Stamat mai kalma,

Ina gaishe ka. Man shafawarka ya iso, na ba Zlata maƙwabciyata, ita ma gwiwar ce.

"Babu abin da zai sami Ilko." Kai jama'a! Ƙarfe mai haƙora zai yaga ƙasa mita uku a kan yaro, ka ce babu abin da zai same shi? Ka yi shekara talatin kana cewa "to, ranka ya daɗe" har bakinka ya manta da wata kalmar. Bikinka kuwa ka ci kai kaɗai.

Bari ka ji abin da tsofaffin Smokino suka yi, tunda samarinmu duk suna Sifen suna tsinkar lemon wasu. Ranar Litinin da katafila ta iso, ta tarar da mu mata biyar zaune a kan kujeru, daidai taki goma sha biyu daga bakin igwa. Idan ka haɗa shekarunmu sun haura ɗari uku da hamsin. Zlata ta zo da saƙarta, ni na zo da banitsa, wainar nan tamu mai cuku, da zafinta. Direban ya danna ham, Zlata ta ce masa, "Ƙara, ɗana, kunnen hagu bai ji ba." Ya matso da abin nan har ina jin zafin injin a fuskata. Ni kuwa na ci gaba da yanka banitsa.

Laftanan ya zo yana ta zufa cikin sanyi. Ya ce, "Kaka, don Allah, ina da takarda." Na ce, "Ni ina da ƙane a ƙarƙashin kujerar nan. Wanne ya fi nauyi?" Ya ce a rajistarsu babu kabari a wurin. Na ce ai waɗanda suka harbe shi su ne suke riƙe da biro a lokacin, me yake so su rubuta? Na miƙa masa banitsa, ya karɓa, ka san yaro da yunwa.

Kwana uku muka yi a haka. Rana ta biyu aka yi ruwa, muka lulluɓa da ledar rufe tumatir, ba wadda ta motsa. Rana ta uku laftanan ya zauna kusa da ni a kan ƙasa, ya ce kakansa ma an tafi da shi a wancan zamani ba a dawo da shi ba. Sai ya ciro taswirarka ya soke zanenka da jan biro a gabana. Ya ce za su haƙa ta baya, ta ɓangaren ƙauye, wajen itacen fiya na daji. Ƙasar can ta fi tauri, sai sun kawo babbar mota, don haka sai Litinin ta sama, 24 ga wata. Ya buga waya an amince masa.

Ka gani? Abin da ka kasa yi da igiyoyinka na saje, tsofaffi biyar sun yi shi da kujerun kicin. Tun da Mama ta rasu ban yi barci mai daɗi irin na jiya ba. Na je na faɗa wa Ilko, na zuba masa ruwan inabin kwalbar da nake ɓoyo.

Ka gaida matarka.

Kera

Yambol, 17 ga Maris, 2008

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Kada ki bari su haƙa wajen itacen fiya. Ilko yana can. Bai taɓa kasancewa a kudu ba.

Kin san aikina a lokacin shi ne kula da tankokin nan. Injinsu ya mutu tun da daɗewa, amma kansu yana juyawa da hannu. Duk wata sai mu shiga mu shafa wa zoben wuyansu giris, mu murza mariƙi mu juya kan rabin zagaye, mu bar shi ya kwana a haka don man ya ratsa, da safe mu mayar da shi kudu. Ranar nan ta tsinkar inabi ina cikin tankar gonar Baba ina wannan aikin, na riga na juya igwar tana kallon ƙauye. Ku kuna bayan tudu, ba ku ga komai ba. Da aka sa ni da wani soja muka haƙa ramin binne Ilko, na auna da ƙafata daga bakin igwa don kada wurin ya ɓace. Abin da na faɗa wa Mama da yamma gaskiya ne a wannan yammar. Da gari ya waye na je na mayar da kan tankar kudu kamar kullum, hankalina ba ya jikina. Sai ranar Lahadi da na ga Mama a kan tudun coci tana kallon gangaren kudu, sannan na gane abin da na yi.

Na so in gyara. Amma itacen fiya bai fi taki arba'in daga wayar farko, wadda ta raba ƙauye da tankar, ba, kuma kin san Mama. Da ta san yana kusa haka, da ta rarrafa ta ƙarƙashin waya da kyandir a hannu, da sun harbe ta ita ma ko su kore mu duka zuwa arewa. Kudu kuwa ya yi mata nisa. Sai na bar ta a kan kuskuren. Wannan dalilin shi nake faɗa wa kaina, kuma ya ƙare ranar da aka cire waya. Daga nan shekara sha takwas tsoro ne kawai. Na san idan na ce miki igwar a juye take, za ki tambaye ni wa ya juya ta, yana ina lokacin da aka yi harbin.

Ilko ya san ranar giris ce, ya san ni ne a ciki. Ba wayar ƙarshe ta bakin iyaka ya nufa kai tsaye ba, wurina ya fara zuwa. Kare yana bayansa, masu gadi biyu suna bin karen. Ya hau kan tankar ya bugi murfin da tafin hannu, ya ce, "Yaya Stamat, ni ne, buɗe." Sau uku. Murfin a sakace yake ta ciki, hannuna yana kan sakatar. Na yi tunanin kaftin ɗinmu, na yi tunanin kurkuku, na yi tunanin matata da cikin fari. Ban buɗe ba. Ya dira ya yi ta wajen itacen fiya, na ji harbi biyu.

Ban san ko da na buɗe zai tsira ba. Wataƙila da mu biyu za a binne. Na yi shekara talatin da bakwai ina wannan lissafi bai taɓa fitowa daidai ba.

Na karɓi aikin nan ne don in ja katafila nesa da shi, a tone tankar a tafi ba wanda ya sani. Yanzu ki je wurin laftanan ki ce kin sake shawara, su koma kudu. Zai ji maganarki. Ba sai kin faɗa masa dalili ba.

Ban san da wane suna zan rufe takardar nan ba.

Stamat

Smokino, 19 ga Maris, 2008

Stamat,

Gaisuwar da Mama ta koya min ce kawai ta sa nake gaishe ka.

Na karanta a tsaye, ban zauna ba. Na sake karantawa, sannan na fita bayan gida na yi amai. Shekara sha takwas ina durƙusa da wannan gwiwar ina yi wa ciyawa hira! Ina faɗa wa tsakuwa wa ya haihu, wa ya mutu. Shi kuma yana can bayana, awakin Zlata suna kiwo a kansa, ko ɗigon ruwan inabi bai taɓa samu ba. Sau nawa ka zo ka tsaya kusa da ni a wurin da hularka a hannu? Har kyandir na taɓa ba ka ka kunna, ka kunna. Na tsane ka jiya, Stamat. Yau ma ban fasa ba.

Maganar sakata ba ni zan yi maka hukunci a kai ba, ban taɓa zama cikin ƙarfe kare yana haushi a waje ba. Wannan tsakaninka da Ilko ne da Allah. Amma "ba sai kin faɗa masa dalili ba"? Har yanzu? Har yanzu kana so a juya kan tanka a yi shiru?

To na je wurin laftanan, na kuma faɗa masa dalili. Ya dafe kai. Ya ce ya riga ya soke taswira sau ɗaya a kan maganar tsohuwa, an zage shi tas, ba za su yarda ya sake ba. Wancan makon kabari a kudu, wannan makon a arewa, za su ce na rikice. Babbar motar tana zuwa Litinin ko da shi ko ba shi. Abu ɗaya ne zai tsayar da ita: wanda ya haƙa ramin ya rubuta da hannunsa, ya sa suna da lambarsa ta soja, ya zo ya nuna wurin. Daga nan doka ta hana a sa inji sai an tono mutum da hannu.

Ban nuna masa takardarka ba. Ina iya yi, tana aljihuna. Amma ba zan ɗauke maka wannan ba, kai za ka faɗa da bakinka, a gaban yaron nan da Zlata da duk wanda ya rage a Smokino. Na san za su cire ka daga bikinsu, na san abokan shan kofinka za su daina yi maka magana, na san 'ya'yanka za su ji. Ba ruwana.

Kuma ba komawa kudu a rufe magana nake so ba. Fito da shi za mu yi. Zan wanke ƙasusuwansa da ruwan inabi yadda ake yi wa kowane ɗan halak, in naɗe su a farin zane, in kwantar da shi kusa da Mama.

Idan ba ka zo ba, ranar Litinin kujerata tana gindin itacen fiya, wannan karon kuma babu banitsa. Ka zo da shebur, nawa ya karye.

Kera

Yambol, 21 ga Maris, 2008

Yaya Kera,

Ina gaishe ki da girmamawa.

Na rubuta, shafi uku, na kai da kaina. Wanda ya karɓa yaron da na koya wa riƙe sifana ne, ya karanta bai ɗago ya dube ni ba. An ce in mayar da katin shiga wurin aikin. Na faɗa wa matata da yara a teburin cin abinci. Babbar 'yata ta tashi ta ɗauki jakarta, ta ce ashe tana da kawu ba ta sani ba.

An dakatar da motar. Zan iso ranar Lahadi da shebur biyu. Ba sai kin ba ni masauki ba, zan kwana a mota.

Ƙanenki,
Stamat

Smokino, 2 ga Afrilu, 2008

Stamat,

Ina gaishe ka. Yaya hannun? Ka sa masa gishiri da ruwan ɗumi, mutumin da ya yi kwana uku yana haƙa bayan shekara ashirin a ofis dole ya yi kanta.

Ka gudu. Da muka kai ga takalmansa ka zauna a bakin rami kana kuka kamar jariri, na juya in ɗauko zane, na waiwayo sai ƙurar motarka. Ni kaɗai na wanke shi, Zlata tana zuba min ruwan inabi. Likitan da suka kawo ya jera shi a kan zanen ya ƙirga, ya ce hannun dama bai cika ba, ƙananan ƙasusuwan yatsu tara babu.

Jiya suka ja tankar ta kudu, ta fito tana zubar da ƙasa, suka tafi da ita. Laftanan ya ce bari katafila ta cike ramin Ilko kafin su wuce. Na ce ya kuskura. Fada, limamin cocinmu, ya ce mu yi jana'iza haka nan, Allah ya san nasa. Na ce Allah ya sani, amma ni ba zan kai wa Mama ɗanta da guntun hannu ba.

Tulin ƙasar yana nan, na rufe shi da leda. Ni ba na iya durƙuso yanzu. Na ari rariyar tankaɗe ƙasar wurin Zlata, da tawa biyu ke nan. Da wannan hannun ya buga maka murfi, kai za ka nemo shi.

Ka zo ranar Asabar. Kada ka kwana a mota, mutane suna magana.

Yayarka,
Kera